Gwajin maganin cutar kansa: kwamfuta ce ke raba rukuni

Da likita ya ce akwai gwajin sabon maganin kansar mama, mataki na 3, mutanen gidanmu ba abin da suka fara ambata sai Trovan. Ban ga laifinsu ba: a 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin wannan magani a kan yara kusan 200 masu sanƙarau a Kano, 11 suka rasu. Yanzu dai sai kwamitin sa ido kan bincike da hukumar NAFDAC sun amince kafin a fara, kuma kina da damar tafiya da takardar amincewa gida ki karanta a natse. Na karanta, na sa hannu.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne ƙuri'a. A mataki na 3, inda ake kwatanta sabon magani da wanda aka saba, galibi gida biyu ake raba marasa lafiya: wasu su samu maganin da aka saba bayarwa, wasu a ba su sabon. Kwamfuta ce ke rabawa. Likitanki ba shi da ta cewa, roƙo ma ba ya aiki. Yana cikin takardar, amma da Turancin likitoci, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini da Hausa. Sai da aka gama tantance ni, aka ɗebi jini don duba hanta da ƙoda da ƙwayoyin jini, aka yi hoton CT da na zuciya, sannan na ji na faɗa rukunin tsohon magani. Ba a cuce ni ba, domin ba wanda ya san ko sabon ya fi, shi ya sa ake gwajin. Amma na shiga da burin da ba a kansa aka gina abin ba.

'Yar'uwa, ki tambaya ƙarara: rukuni nawa ne, kuma zan san wanda na faɗa? Wa zai biya kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa), hotuna da kuɗin mota? Sau da yawa sabon maganin da gwaje-gwajen binciken kaɗai suke ɗauka. In ya cutar da ni, wa zai biya jinya? In ya karɓe ni, zan ci gaba da samu bayan an gama?

Ki faɗi duk wani jiƙo ko sassaƙe da kike sha, don yana iya taɓa hanta a cire ki daga gwajin. Ɗaukar ciki ma ana hanawa muddin ana cikin gwajin, gara maigida ya ji tun farko. Fita kuwa haƙƙinki ne ko wace rana, ba za a janye miki kulawar asibiti ba.