TARIHIN RAYUWATA (Fitowa ta 7): Ranar da aka min tambayar da ba ta ƙashi ba

Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri da shiruna na satin da ya wuce, hunturun nan ne ya taɓa ni, duk mai sikila ya san yadda muke da sanyi. Mun tsaya a inda Umma ta ɗaga katifata ta ga sirinji da fasassun kwalaben penta, wato wata allura mai ƙarfi ta kashe ciwo.

Ni dai ba ƙawaye ne suka koya min ba, a gadon asibiti na san allurar nan ina shekara 19, ciwo ya tashi kamar ana sara min ƙashin baya da gatari, nas ta yi min, kafin a jima ya lafa. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne ba ƙashin kaɗai ya yi shiru ba, har da wani dutse da ke danne min ƙirji tun ranar da aka fasa aurena saboda gwajin jini ya nuna shi angon AS ne, ni kuma SS mai sikila. Daga nan ko ciwo bai tashi ba sai na ce ya tashi. A 2018 da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin duk gari zancen 'yan kwalba ake, ba wanda ya waiwayi irinmu masu allura a ƙuryar ɗaki, ga hijabi har ƙasa.

Cinyata ce ta tona min asiri, naman ya ƙandare kamar itace, wajen ya ɓarke ya zama gyambo, aka ba ni gado. Wallahi kwanciyar nan ta fi min kowacce ɗaci, dan ranar da ciwon gaske ya zo ina birgima ina kiran Umma sai na ji wata ma'aikaciya tana cewa ku ƙyale ta 'yar penta ce, ƙarya take. Ban ga laifinta sosai ba, ai na sha yin ƙaryar, amma ranar gaskiya nake.

Kwana na tara wata likita ta zo zagaye, 'yar siririya haka, ta duba ƙafar sannan ta ja kujera ta zauna, abin da ba wanda ya taɓa yi. Ta ce yaushe rabonki da jin daɗin wani abu? Na yi shiru. Ta tambayi barcina, cin abincina, ta ce kin taɓa jin gara ma ki mutu? Kawai sai kuka, dan shekara biyu kenan ina farkawa ƙarfe 3 na dare da wannan tunanin, in na yi ƙorafi a gida a ce rashin tawakkali ne, Gwaggo kuma ta ce sammu ne, ruƙiyya kam na sha ta.

Ta ce wannan ciwon damuwa ne, yana yawan haɗuwa da ciwo mai daɗewa, shi yana tura ni ga allura, allurar in ta sake ni ta ƙara zurfafa shi, in aka bi ɗaya aka bar ɗaya zan dawo gadon nan. Da ta ambaci likitan ƙwaƙwalwa Umma ta miƙe tsaye, likita 'yata ba mahaukaciya ba ce, Dawanau za ku kai min ita? Ta ce a'a Hajiya, nan zai same ta a gadonta.

Ya zo washegari, ya ɗora ni a kan maganin damuwa amitriptyline da daddare, ya ce kar na sa ran ganin canji kafin sati biyu zuwa huɗu, pentar kuma a hankali za a janye ta. Daren farko bakina ya bushe ƙamas, amma na yi barci har aka kira assalatu ban sani ba.

Matsalar ita ce har lokacin Abba ya ɗauka gyambo kawai ake jinya. Ranar Juma'a ya shigo daga masallaci ya tarar da likitan ƙwaƙwalwa a bakin gadona. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.