Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarata ta Farko a Butare

A makon jiya na tsaya ne a inda mota ta sauke ni a Butare, garin da ke kudancin Ruwanda wanda yanzu ake kira Huye, a farkon 1998, wato shekara uku da rabi bayan kisan ƙare dangin 1994 da ya ci rayuka kusan 800,000 cikin kwana ɗari. Jami'ar Ƙasa ta Ruwanda, wadda aka kafa a 1963 da taimakon limaman Kirista daga Kanada, ta koma aiki tun 1995, kuma da na zaga harabarta na ga azuzuwa a tsaye da rufinsu, sai na ɗauka aikin da ya kawo ni ba zai yi wuya ba.

Ashe masu tsayawa a gaban allo ne suka yi ƙaranci. An kashe wasu malamai, wasu sun tsere zuwa ƙasashen waje, wasu kuma suna tsare ko ana nemansu saboda da hannunsu a kisan. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai, domin kafin zuwana na yi imani da cewa jahilci ne kaɗai ke sa mutum ya ɗauki adda, sai ga shi a nan masu digiri sun nuna maɓoyar abokan aikinsu da ɗalibansu. Don cike giɓin, an dogara da baƙi irina, da kuma malaman da kan zo na 'yan makonni su zazzage darasin zango guda su kama hanya, abin da har yau ban yarda ya amfani ɗalibi ba, ko da yake babu wata mafita a lokacin.

Ni Turanci aka ba ni in koyar. Da can Faransanci ne harshen karatu, amma 'ya'yan 'yan gudun hijirar da suka dawo daga Yuganda da Tanzaniya da Turanci suka tashi, waɗanda suka dawo daga Burundi da Kwango kuma da Faransanci, saboda haka sabon ɗalibi sai ya fara da koyon harshen da ba ya ji. Ban daɗe ba na gane cewa harshen da ɗalibi ya gaishe ni da shi yana nuna inda ya kasance a 1994, na kuma daina ba da aikin da kowane malamin harshe yake buɗe zango da shi, wato "rubuta labarin iyalinka".

Da watan Afrilu ya kama, watan da ake juyayin kisan, wata ɗaliba mai ƙwazo ta daina zuwa aji har jarrabawa ta wuce ta. Ina zaune a ofis sai ga wani saurayi siriri da bai wuce shekara 23 ba, riƙe da littattafansa, ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Malam, na zo ne a kan maganar 'yata." Na dube shi na ce wace 'ya, ya faɗi sunan ɗalibar, wadda a ganina ma ta girme shi. Saura kaɗan in kore shi, don na zaci wasa yake yi da hankalina.

Sai ya zauna ya yi mini bayani a natse. A 1996 ɗaliban da suka tsira daga kisan suka kafa ƙungiyarsu mai suna AERG a wannan jami'a, suka raba kansu gida-gida, kowane gida ya zaɓi uba da uwa daga cikin ɗaliban, tunda mafi yawansu ba su da sauran wanda zai tambaye su ya karatu. Uban shi ke bin sawun wanda ya yi fashin aji, uwar ta kwana da wadda firgici ya hana barci, idan hutu ya zo kuma su san inda kowa zai sa haƙarƙarinsa. Ya ce 'yarsa ta kwana goma ba ta fita ɗaki ba, kuma a nan Butare aka kashe iyayenta.

Na nemi izinin shugaban sashe na shirya mata jarrabawa ta daban. Ranar da ta zo rubutawa, baban nata ya raka ta har bakin ƙofa, ya zauna a kan dakali yana bitar nasa darasin har ta fito.

A mako mai zuwa zan kawo labarin yadda aka tura ni Kigali, inda aka buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta KIST a 1997 a cikin gine-ginen tsohuwar makarantar horar da sojoji.