Kosmos a tukunya: taki ne ke hana fure

Abokan fama, albishirinku! Tukwane shida na kosmos, wata shukar ado mai fure, shukar 20 ga Oktoba, sun buɗe fure a kwana na 54, wasu ruwan lemo, wasu ruwan ɗorawa. Na damina kuwa, da suka kai ƙirjin mutum, ganye shar abin sha'awa, ko ƙullin fure ɗaya ba su yi ba har aka tuge su. Wallahi abin ya ƙona rai, ga kuɗin ruwan ga-ruwa na wata uku da ya tafi a banza, kuma duk ɗan Damagaram ya san abin da bido ɗaya ke ci.

Laifin na taki ne. Asalin kosmos daga Meziko yake, a ƙasa marar ƙarfi ya saba rayuwa. Hannunmu kuwa ya saba da tumatir da salati, sai mu cika tukunya da kashin tumaki, mu ƙara takin zamani na yuriya a kai. Sinadarin da ke cikin yuriya ganye da tsawo yake ginawa, sai shuka ta yi ta miƙewa, kara ya yi laushi, iskar hadari ta kwantar da shi. Haɗin da ya yi aiki shi ne kwano uku na rairayi, biyu na ƙasar lambu, ɗaya kacal na takin da ya shekara ya ruɓe har ya daina wari. Yuriya ko ƙwaya ɗaya kada a sa. In ganyen ƙasa ya fara ɗashewa bayan fure ya kankama, rabin ƙaramin cokali na takin zamani 15-15-15 a gefen tukunya ya isa, sau ɗaya.

Akwai abu na biyu da ba a cika lura da shi ba. Kosmos ya fi saurin fure idan dare ya yi tsawo, shi ya sa shukar Oktoba ta fi ta Yuni a nan. To, ƙwan lantarkin tsakar gida da ke kwana a kunne yana gutsure masa daren. Wasu tukwane biyu da ke ƙarƙashin ƙwan har yanzu ƙullinsu bai wuce ƙwayar wake ba, alhali haɗinsu ɗaya da sauran. A matsar da su inda duhu ke sauka sosai, amma rana na samunsu awa shida ko fiye.

Tukunyar ƙasa irin ta garin Mirya ta fi baƙar roba nesa ba kusa ba, don robar na dafa saiwa da rana tsaka. Zurfi santimita 30, a huda gindi, a rufe hujin da tsingaro. Iri biyar a zurfin rabin santimita, su tsiro cikin mako guda, a bar biyu mafi ƙarfi. Da sun kai taƙi ɗaya a tsinke kansu daidai saman ganye. Hannu na nauyin yi, na sani, amma daga nan rassa ke fitowa, kowane da furensa.

Irin kosmos mai ruwan lemon nan, da ake kira sulfureyus, shi ke jure zafinmu. Mai fari da ruwan hoda, bipinatus, sai cikin ɗari, kuma gajeren iri kamar Sonata za a nema, don dogon irin nan Sensation na wuce mita ɗaya, tukunya ba ta riƙe shi. Jaka biyu ta tafi a fakitin bipinatus ɗin, rabi bai tsiro ba.

Ban-ruwa da safe, sai yatsa ya ji ƙasa ta bushe zuwa gaɓa ta biyu. Yanzu da hunturu ya shigo darɓa ta fara taruwa a kan ƙulli, ruwan sabulu marar ƙarfi da yamma na korar ta. Furen da ya yanƙwane a yanke shi da wuri, sai uku ko huɗu da za a bari su bushe su yi baƙin iri mai kama da allura, a ajiye a ambulan na takarda.