Abin da na koya a lambun matasa

Matashi ɗan shekara 14 ko 16 ba ya zama a lambu don an gaya masa noma na da amfani. Ya sha jin wannan a aji. Abin da na ga yana riƙe shi guda ɗaya ne: a nuna masa fangali, ko da buhu uku ne cike da ƙasa a kan rufin bene, a ce wannan naka ne, kai za ka zaɓi abin da za ka shuka. Lambun da aka ce na kowa ne, cikin makonni kaɗan zai koma na malami shi kaɗai, yaran kuma su zama 'yan ɗauko ruwa.

Ba su wurin ba shi da wuya. Wuyar tana wajen kame hannu bayan an ba su. Za ka ga yarinya ta zuba irin karas cunkus a layi ɗaya, ka san sarai ba za su yi girma a haka ba. Nakan faɗa sau ɗaya, in yi shiru. Ran da ta tuge ta ga 'yan sirara sun nannaɗe juna, na maƙwabciyarta da ta rage tsiro kuma sun yi kauri, ba sai na ƙara ko kalma ba. Shuka ta gaba da kanta take tambaya, "Malam, tazarar yatsu nawa zan bari?"

Amma akwai inda ba na barin kowa ya gwada sa'arsa, wato ƙasar da za a shuka a ciki. Ƙasar birni tana da tarihi. Sai a 2021 aka daina sayar da fetur mai dalma, ƙarfen nan mai guba ga jiki, ga motoci a duniya baki ɗaya, Aljeriya ce ta ƙarshe, kuma dalmar da ta sauka a gefen tituna, da wadda ta zubo daga tsohon fenti, tana nan kwance a saman ƙasa, ba ta ruɓewa. Ganyayyaki irin su latas da masu saiwa irin su karas sun fi kwaso ƙurarta fiye da tumatir da ke rataye a sama. Don haka filin da ba a gwada ƙasarsa ba, mukan ɗaga fangali mu cika da ƙasa mai tsabta, ko mu koma buhu da bokiti. Abin mamaki, wannan darasin ne ya fi kama hankalinsu, watakila don ya shafi jikinsu kai tsaye.

Takin da muke haɗawa da kanmu shi ne aikin da suka fi ƙyama da farko. Ɓawon kayan lambu, ɗanyar ciyawa, busassun ganye, yagaggen kwali, a jera hawa-hawa, busasshen ya fi ɗanyen yawa, a ɗan jiƙa, a riƙa juyawa. Idan ya yi wari, ɗanyen ne ya yi yawa ko iska ba ta shiga. Idan haɗin ya yi daidai, tsakiyar tulin kan kai maki 60 a ma'aunin Salshiyas. Nakan sa mai yawan yatsina fuska a cikinsu ya tura hannu ciki da sassafe. Yakan zaro shi da sauri, yana tambayar wa ya sa wuta. Daga nan maganar ƙananan halittun da ke cinye shara su mai da ita taki ta daina zama labarin littafi. Haka ma wake: a tuge guda, a fasa ɗan ƙullutun da ke jikin saiwar da farce, a ga cikinsa ja-ja, alamar ƙwayoyin da ke zaune ciki suna kamo naitirojin, sinadarin da ke ciyar da shuka, daga iska. Sai ga dalilin da ya sa muke shuka kabeji a inda aka cire wake.

Wani lokaci nakan ba su labarin Habana, babban birnin Kyuba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, takin zamani da man fetur suka yi wuya, mutane suka mai da kangayen birni lambuna, suna noma da takin da suka haɗa. Ba na tsawaita shi. Matasa ba su cika son wa'azi a kan makomar duniya ba, kuma ni ma ina ganin an cika ɗora musu wannan nauyi.

Zaɓen iri kuwa, da wanda ke saurin nuna ake farawa. Latas da alayyafo cikin wata guda da 'yan kwanaki sun isa tsinka, tumatir sai an yi haƙurin wata biyu zuwa uku bayan dashe. Wurin ya samu rana aƙalla awa 6. Ban ruwa kuma suna yawan wuce gona da iri, don a ganinsu kulawa ke nan. Dokarmu ita ce a tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in da laima a ajiye butar.

Hutun makaranta ne ke kashe yawancin irin waɗannan lambuna. Shi ya sa tun ranar shuka muke ƙirga kwanaki, mu tabbata girbi zai zo kafin a tashi, fangalin da zai zauna babu kowa kuma mu lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa.