Dala 90 da ta riƙa ɓacewa daga albashina

Ranar wata Juma'a ina cikin jirgin ƙasa mai lamba 4 zan koma gida Bronx a birnin New York, na duba takardar albashi a waya, sai na ga kuɗin ba su cika ba. Dala 90 ta yi ƙafa. Litinin da sassafe na tsaya gaban matar da ke lissafin albashi a ma'ajiyar kayan da nake aiki, ina shirin faɗa. Ba ta ce komai ba, ta juyo mini da fuskar kwamfuta. Umarni ne daga hukumar harajin jihar New York: a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashina, tun kafin a cire komai, har sai bashi ya ƙare. Ina samun 900 a mako, lissafi ya fita. Kunya ta rufe ni, domin yanzu wurin aiki ma sun san sirrina.

Asalin abin, shekara biyu na yi ina tuƙin motar haya ta manhaja. Mai albashi takardar W-2 ake ba shi, an riga an yanke masa haraji tun daga tushe. Direba kuwa 1099 yake karɓa, kuɗinsa cif, shi zai ware na hukuma ya riƙa biya sau huɗu a shekara. Ni ban ware ko sisi ba. Haya, inshorar mota, aike gida, ga ragon layya nan da can. Da 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji, ta zo na cike takardu, na shirya da IRS, hukumar harajin tarayya, ina biya kaɗan-kaɗan, na ce ta jiha ƙarama ce, ta jira. Na manta cewa mazaunin birnin New York, a takarda ɗaya, IT-201, ake haɗa masa harajin jiha da na birni. Ga tarar jinkiri duk wata, ga kuɗin ruwa da ake lissafawa kullum.

Wasiƙu kam sun zo, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. A wata baƙar leda nake tura su a saman firji, ko buɗewa ba na yi, wai kada raina ya ɓaci. Daren Litinin ɗin na sauko da ledar, na zazzage ta a kan darduma. A ciki na tsinci wadda ta fi ƙona mini rai. Ashe ni aka fara aiko wa umarnin, aka ba ni kwana 20 in fara biyan kashi 10 ɗin da hannuna, da ba wanda zai ji a wurin aiki. Wata wasiƙar da ta riga ta kuma tana bayanin biya wata-wata, wanda mai bashin da bai wuce dala 20,000 ba zai iya nema ta intanet, ya biya cikin wata 36. Nawa bai kai 4,000 ba.

Bayan sallar isha'i na kai kukana wurin wani dattijo a masallacinmu, tsohon direba. Ya ce, "Ɗana, gode wa Allah bai kai 10,000 ba, da lasisin tuƙinka ma suna iya dakatarwa." Shi ya kwantar mini da hankali cewa dokar tarayya ta hana a kori ma'aikaci don ana cire masa albashi kan bashi guda. Ya ce in kira lambar da ke jikin wasiƙar, kada in kula masu tallan share bashi a rediyo.

Na kira. Abin da na nema ɗaya ne, jimillar da ta rage a ranar, kuma na rubuta ta a bangon kalanda. Wata biyar ana cirewa. Rarar harajin da nake sa ran za a maido mini a bazara ita ma aka riƙe ta aka zuba a bashin, wannan kam ban ji zafinta ba. Da kwasar adashinmu ta zagayo kaina, kuɗin da na yi niyyar sayen tikitin zuwa gida da su, na biya ragowar gaba ɗaya, na kai wa matar lissafi takardar janye umarnin da hannuna.

Har yanzu ina ɗan tuƙi ranakun Asabar. Duk abin da ya shigo, kashi ɗaya cikin huɗu yana wucewa wani asusu da ban karɓi katinsa ba. Ledar saman firji kuwa, uwargida ta mayar da ita ta zuba albasa.