Godiya ga waɗanda suka shiga ɗakin samurai tare da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Kwana uku ke nan ina ɗaukar waya da niyyar rubuta wannan saƙo, sai in ajiye. Yau da na gama ɗaure kayana na ce ba zan bar Kiyoto ba sai na sauke wannan nauyi, domin yaba kyauta tukwici. Masu bibiyata sun san na kare kundin digirina na uku a kan noman shinkafa, an kuma yaye mu a ƙarshen Maris kamar yadda jami'o'in Japan suka saba. Addu'o'inku sun iso, Allah Ya saka da alheri. Amma godiyar yau ta wani abu ce dabam da ya faru ranar Asabar da ta wuce, kuma mutum shida ne suka yi min shi. Biyar daga cikinsu ba sa jin Hausa, na riga na gode musu baki da baki. Ina so ne mutanen gida su san irin mutanen da na zauna da su.

Abokan aikina na ɗakin bincike ne suka shirya min walimar ban kwana, suka ce kafin cin abinci za mu je wasan kuɓuta daga ɗaki. Ga wanda bai san shi ba: ana shigar da ku ɗaki a rufe, a ba ku awa ɗaya, ku yi ta neman alamu a bango da cikin akwatuna, kuna warware wasan ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, kowace amsa tana buɗe wani kwaɗo, har ku kai ƙofar fita. Mutanen Kiyoto suna alfahari da wasan, don a garinsu ne kamfanin SCRAP na Takao Kato ya fara shirya shi a shekarar 2007, tun kafin ya bazu zuwa Turai da Amurka. Wanda suka zaɓa mana an tsara shi ne kamar gidan samurai, wato mayaƙan Japan na da, a zamanin da ake kira Edo. Mu ne bayin wani ubangida da aka yi wa ƙazafin cin amana, an tsare mu a cikin gida, sai mun gano wasiƙar da za ta wanke shi kafin a buga ƙararrawar asuba.

Ga abin da ban taɓa faɗa a shafin nan ba. Ina ɗan shekara tara na faɗa wata busasshiyar rijiya a bayan garinmu, na yi tun hantsi har bayan la'asar a ciki kafin masu dawowa daga gona su ji kukana. Tun daga ranar ba na iya zama a wuri mai ƙunci da duhu. Shekara huɗu na yi ina hawa bene na biyar da ƙafa don gudun shiga lif, ina ce wa mutane motsa jiki nake yi. Da aka ce za a rufe mu a ɗaki, cikina ya ɗuri ruwa, amma kunya ta hana ni cewa a'a. Mutane sun haɗa kuɗi, sun kama wuri tun wata guda, saboda ni.

Mutum ɗaya na faɗa wa, ƙanena ɗan Maraɗi da yake karatu a Osaka. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, a masallaci muka haɗu ranar wata Juma'a, Hausa ta haɗa mu, ya riƙe ni yaya har yau. Ya ce, "Yaya, ka bar min wannan." Da safe ya hau jirgin ƙasa ya taho, ya riga kowa zuwa wurin, ya yi magana da mai kula da wasan ban sani ba.

To ita ce ta farko da zan gode wa, wannan baiwar Allah mai kula da wasan. Tana cikin bayanin dokoki, sai ta zagaya da mu duka ta nuna mana wata ƙofa a bayan labule, ta tura ta da yatsa ɗaya ta buɗe. Ta ce wannan ba a taɓa kulle ta, duk wanda yake son shan iska ya fita ya dawo, babu abin da zai ɓaci. Ga kowa ta yi bayanin, ko kallona ba ta yi ba. Sai na'urar magana da ta damƙa a hannuna, ta ce ni ne zan riƙa kiran ta idan muna neman taimako. Daga baya na gane dalili: so take in ji cewa akwai murya a waje da zan iya kira ko yaushe. Ta rufa min asiri, Allah Ya rufa mata.

Ɗakin farko yana da faɗi, an shimfiɗa tabarmin tatami, ga ƙamshin ciyawarsu, ga sulke a tsaye a kusurwa da kwalkwalinsa. Ɗalibai biyu da muke ɗakin bincike ɗaya, saurayi da budurwa, su suka yi ta tsalle-tsalle a nan. Cikin minti kaɗan suka jera tambarin gidajen sarauta, suka ware na gidan Tokugawa mai ganye uku a cikin da'ira, akwati ya buɗe. Sai muka ci karo da wata takarda mai hoton doki, zakara, ɓera da zomo, ga kwaɗo mai lamba huɗu. Yaran suka yi ta gwada lambobin agogo, ya ƙi.

Dattijuwar da take kula da gonar gwajinmu, wadda nake kira Baba a zuciyata tun shekarata ta farko, ita ta warware shi tana zaune. Ta ce mutanen Edo ba da agogonmu suke aiki ba. Suna raba yini kashi shida, dare kashi shida, daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana, don haka sa'ar rana takan yi tsawo da bazara ta gajarce da hunturu. Kowace sa'a da dabbarta da yawan bugun ƙararrawarta. Doki tsakar rana ne, bugu tara. Zakara magariba, bugu shida. Ɓera tsakar dare, tara kuma. Zomo asuba, shida. Muka sa 9696 ya buɗe. Ta ƙara da cewa sai a 1873 ƙasar ta koma agogon Turawa. Ta juyo ta ce min, "Kai ai ka fi su gane wannan, tunda kullum lokacin sallarka yana bin rana." Shekara huɗu tana lura da lokacin da nake zamewa in yi azahar a bayan rumfar shuka, ba ta taɓa tambaya ba, sai dai in tarar an share wurin. Baba, na gode.

Wanda ya zo a hannuna shi ne na albashi. Samurai da shinkafa ake biyan su, ana auna arzikin kowane gida da ma'aunin da ake kira koku, kimanin lita 180, wato abin da aka ƙiyasta zai ciyar da mutum ɗaya shekara guda. Sai ƙasar mutum tana ba da koku 10,000 kafin a kira shi daimyo, babban hakimi. Takardar ta ce mai gadin ƙofa yana bin bashin koku 1, to 3, sho 6, go 4. Yaran sun san go, don har yau da shi ake auna shinkafar tukunya, kofi ɗaya mililita 180. Na saman ne suka rikita su. Ni kuwa na sha karanta tsofaffin rajistar girbi, na san go 10 ne sho, sho 10 ne to, to 10 ne koku, kamar yadda ɗan kasuwar Dawanau ba ya buƙatar takarda kafin ya gaya maka tiya nawa ce a buhu. Na ce su sa 1364. Kwaɗon ya faɗo. Wallahi na ji daɗi, har na manta a rufe nake.

Sai bango ya zame, wata 'yar ƙofa ta bayyana a ƙasa, ba ta kai tsayin cinyata ba.

Irin ƙofar ɗakin shan shayi ce ta gargajiya, wadda ake dangantawa da Sen no Rikyu, gwanin shayin da ya rasu a 1591. An ƙanƙanta ta da gangan don kowa ya shiga da rarrafe, kuma samurai ba zai iya wucewa da takobinsa ba, sai ya rataye shi a waje. Mu ma sai da muka ɗora takubban katako biyu, dogo da gajere, a kan maratayinsu kafin ta buɗe gaba ɗaya. Na durƙusa na leƙa. Duhu ne, ɗakin tabarma biyu kacal, rufinsa ƙasa-ƙasa. Warin ƙasar rijiyar nan ya dawo min a hanci kamar jiya. Zufa ta karyo min, numfashina ya sarƙe, gwiwoyina suka ƙi motsi. Ina jin muryoyi kamar daga nesa. Na juya na kalli labulen nan, taku huɗu ne tsakanina da shi.

Malamina, sensei, ya haura shekara sittin, kuma gwiwa tana damun sa, kowa ya sani. Bai ce min komai ba. Ya cire rigarsa ta sama ya ninke, ya ɗauki fitilar takarda, ya durƙusa ya rarrafa ya shiga. Ya zauna daidai bakin ƙofar daga ciki, ya ajiye fitilar yadda zan ga fuskarsa. Sai ya fara tambayata, da irin muryar da yake yi min tambaya a ofis, wane iri zan fara gwadawa idan na koma gida, a wane wata ruwa yake sauka sosai a wajenmu, yaya manomanmu suke yi da tsuntsaye idan shinkafa ta fara nuna. Ina amsawa da ƙyar, yana ƙara wata. Ƙanena ya tsuguna a gefena ya dafa kafaɗata, yana maimaita hasbunallahu wa ni'imal wakil a hankali, ya ce, "Yaya, babu dole. In ka ce mu fita, tare za mu fita." Yaran nan biyu suka juya baya suna duba wani allo da mun riga mun gama da shi, don kada in ga ana kallona.

Ban san lokacin da na sa hannu a kan tabarmar ciki ba. Ina cikin yi wa sensei bayanin gwangwanaye da yara suke kaɗawa a fadama don korar jan-baki, sai na ga kaina ya wuce, kafaɗuna sun wuce, ina zaune kusa da shi. Ya zuba min ido kaɗan, ya gyaɗa kai, ya miƙo min fitilar ya ce in haska masa rubutun da ke bango, idonsa ba ya gani sosai. Shekara talatin rabona da zama a wuri irin wannan.

Ba mu ci wasan ba. Fiye da minti goma suka tafi a bakin ƙofar nan, ƙararrawar asuba ta buga muna kan kwaɗon ƙarshe, wasiƙar tana cikin akwatin da ke hannun yarinyar. Na san yadda yaran suke son wasan, saurayin ya taɓa gaya min yana rubuta duk wanda ya ci a littafi. Ko sau ɗaya ban ga ɗayansu ya ɗaga kai ya dubi agogo ba, kuma har muka rabu babu wanda ya ambaci mintunan nan. Ku biyu, kun yi min karar da ba zan manta ba. Allah Ya ba ku sa'a a naku karatun.

Daga nan muka taka zuwa wani gidan abinci na halal da suka sha wahalar nemowa, bayan sun jira ni na yi la'asar. A hanya muka bi ta gaban haikalin Honno-ji, ƙanena ya ba su labarin Yasuke, mutumin Afirka da ya yi wa Oda Nobunaga, wani babban shugaban yaƙi na Japan, hidima daga 1581, yana kuma nan lokacin da aka kai wa Nobunaga harin da ya mutu a cikinsa a 1582. Sensei ya ce haikalin na yanzu ba a ainihin wurin yake ba, an dawo da shi nan ne bayan gobarar da ta cinye shi a lokacin harin. A wurin cin abinci Baba ta ciro wani ɗan akwatin katako mai kusurwa huɗu, ma'aunin go ɗaya, wanda suke kira masu. Dukansu sun sa hannu a gindinsa. Ta ce in auna shinkafar farko da zan girbe a gida da shi, in aiko musu hoto.

Da daddare na kira Inna na ba ta labari. Ita ce ta tsaya a bakin rijiyar nan ranar da aka ciro ni, ita ce kuma ta yi shekaru tana barin fitila a kunne a ɗakina. Ta yi shiru, sannan ta ce in gaishe mata da malamin nan, in ce masa Allah Ya ba shi lafiyar gwiwa. Na isar da saƙon jiya, ya sunkuyar da kai ya ce in mayar mata da gaisuwa. Uwargida kuma, da kika riƙe gida da yara shekara huɗu, taki godiyar ba ta shafin nan ba ce, ina tafe da ita.

Ƙanena, kai ka san abin da ka yi. Saura shekara biyu ka gama, kuma in Allah Ya kai mu ranar, ko ina nake sai na zo ko na aiko.

Jirgina zai tashi daga filin Kansai ranar Laraba da dare in sha Allahu. Ma'aunin yana cikin jakar hannuna, na naɗe shi da hular da zan sauka da ita. Ku sa ni a addu'a, Allah Ya kai mu lafiya.