Lambar rajistar manoma inda babu sabis

Wata ƙungiyar manoman shinkafa ce ta ba ni aikin manhajar rajista, wadda wakilanta za su riƙa yawo da ita a waya daga Argungu har Suru. Babbar matsalar sabis ce. A cikin fadama waya ba ta samun saba, wato babbar kwamfutar da ke tattara bayanai, balle ta tambayi lambar da ke gaba. In kuma aka bar kowace waya ta ƙirga 1, 2, 3 da kanta, ranar haɗa bayanai a Birnin Kebbi lamba 40 kaɗai sai ta hau kan mutum goma.

Da Java, harshen rubuta manhaja, nake aiki, sai na ɗauko UUID, wato doguwar lambar shaida da kowace waya za ta iya ƙirƙira da kanta ba tare da tambayar saba ba. A ajin Manomi, wato sashen manhajar da ke riƙe bayanan manomi, daidai wurin da ake gina sabon abu, na kira UUID.randomUUID, na kulle filin lambar da kalmar final ta Java don kada wani ya taɓa shi daga baya. Lambar bit 128 ce, tana fitowa da baƙaƙe 32 a rukuni biyar, 8-4-4-4-12. UUID nau'i-nau'i ce. Wannan nau'i na 4 ne, bit 122 daga ciki duk na kan-mai-uwa-da-wabi ne, shi ya sa karon lambobi biyu bai taɓa hana ni barci ba. Nau'i na 1 kuwa na ƙi shi, domin yana iya tona adireshin na'ura da lokacin rajista.

Wurin kwatanta lambobi biyu a Java, umarnin equals ake kira, shi ke duba ko lamba ɗaya ce. Alamar == tambayarta daban: shin abu ɗaya ne a ƙwaƙwalwar waya?

Abin da ya fi cin lokacina ba a kwamfuta yake ba. Sakataren ƙungiyar, dattijo ne, ya dubi katin gwaji ya ce, "Ɗana, wa zai karanto wannan a layin rabon taki?" Gaskiyarsa. Sai muka bar UUID a ciki, saba ta riƙa ba da gajeriyar lambar kati bayan an haɗa bayanai.

Sannan UUID ba ta san fuska ba. Wakilai biyu suka rubuta manomi ɗaya, lamba biyu za a samu, kowacce halal. Tace wannan sai da lambar waya da sunan ƙauye.

A rumbun bayanai na adana ta a bait 16, ba rubutu mai baƙaƙe 36 ba (32 ɗin nan da layukan tsakani huɗu). Aiki na gaba nau'i na 7 zan gwada, wanda ƙa'idar RFC 9562 ta kawo a 2024. Yana farawa da lokaci, don haka rajista ke jeruwa yadda aka yi ta.